An Gwada Waken, Ba a Gwada Mai Feshin Ba

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Sun ɗebi waken, sun kai ɗakin gwaje-gwaje, sun tarar da maganin ƙwarin nan da muke kira piya-piya ya ninka abin da dokarsu ta yarda da shi sau da yawa, domin dokar tasu ta tsaya ne a miligiram 0.01 cikin kowane kilo. Daga nan aka yi ta tsawaita haramcin, jami'an gwamnati suka yi ta taruka, 'yan kasuwa suka yi ta kukan asara, jaridu suka yi ta rubutu a kan zubewar mutuncin ƙasa.

Duk wannan ƙura a kan ƙwayar wake aka tayar da ita. Mutumin da ya buɗe kwalbar, ya tsiyaya a murfi, ya yayyafa wa buhuna a cikin sito mai ƙofa ɗaya babu taga, ya tsaya a ciki yana shaƙa har ya gama jera kaya, shi babu wanda ya ɗebi jininsa. Mun iya gwada duk abin da za a sayar. Zinare yana da ma'auninsa, fata tana da mai tantance ta kafin a loda, riɗi ba ya fita ƙasar waje sai da takarda. Ma'aikacin da hannunsa ya taɓa gubar ne kaɗai ba shi da takarda.

Ra'ayina shi ne duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da sinadari mai cutarwa yana da haƙƙin a riƙa gwada jininsa ko fitsarinsa lokaci bayan lokaci, ba da kuɗinsa ba, a ba shi sakamakon a hannunsa, kuma kada sakamakon ya zama sanadin korarsa. Waɗannan sharuɗɗa tare suke tafiya. In aka cire ɗaya, gwajin zai iya komawa makami a kan wanda aka ce za a kare.

Hanya biyu ce ake sanin ko guba tana isa ga ma'aikaci. Ta farko a auna iskar wurin aikin, a ɗaura masa wata 'yar na'ura a kafaɗa ta yini tana zuƙar abin da yake shaƙa. Wannan yana da amfani, amma iska kaɗai yake gani. Bai san cewa mutumin ya dama maganin da hannu ba. Bai san ya ɓare goro da wannan hannun ya jefa a baki ba, ko takunkumin da aka ba shi ya huje tun watan jiya, ko zafi ya sa ya cire shi da hantsi, ko da ya tashi daga nan akwai wani aikin da yake zuwa da yamma. Hanya ta biyu ita ce a tambayi jikin da kansa. Abin da ya shiga ta hanci, da wanda ya ratsa ta fata, da wanda aka haɗiye tare da abinci, duk a jini suke haɗuwa, kuma da yawansu ta fitsari suke fita. Sai a auna sinadarin, ko abin da hanta ta mayar da shi, ko kuma ɓarnar farko da ya fara yi kafin mutum ya ji komai.

Wannan “kafin mutum ya ji komai” shi ne gundarin zancen. Muna cewa jiki magayi, kuma gaskiya ne, sai dai da irin waɗannan gubobi jiki ba ya magana da wuri. In ma ya yi, da muryar wata cutar yake yi. Ciwon kai, kasala, murɗar ciki, mantuwa, saurin fushi, duk za a ce zazzaɓi ne ko shawara ko basir ko gajiyar aiki, a sayi ƙwaya a kemis a koma bakin aiki.

Mu a Arewa bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba, domin mun biya kuɗin wannan karatu da rayukan yara. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yara suna amai, suna jijjiga, suna suma, suna mutuwa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi zaton sanƙarau ne, ba abin da ya sauya. Sai da aka ɗebi jini aka gwada sannan aka san sunan abin: dalma. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare cike yake da ita. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. 'Yar na'urar gwajin da ake ɗauka zuwa ƙauye iyakarta maikurogiram 65 a kowace desilita ta jini, kuma jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. Don a gane girman abin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da zarar an ga 5 a jinin mutum a tashi a nemo inda dalmar ke fitowa, kuma babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa. Garin Bagega, shi ma a ƙaramar hukumar Anka, sai a 2013 aka saki kuɗin share shi daga dalma, bayan an sha matsa wa gwamnati lamba. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Ana ba da wannan labari a matsayin labarin yara, kuma haka ne. Amma ta ina dalmar ta bi ta isa gare su? Ta hannun iyayensu maza masu haƙa da niƙa, ta rigunansu, ta gashin kansu, ta buhunan da suke ɗaukowa. Waɗannan mutane ma'aikata ne. Da a ce akwai tsarin da ke gwada jinin masu niƙan dutse ko da sau biyu a shekara, da an ga lambar tana hawa a jinin baba tun kafin a haƙa kabarin ɗansa. Babba yana iya yawo da dalma mai yawa a jini yana ta aikinsa, tana cin ƙodarsa a hankali, tana ɗaga masa hawan jini, tana rage masa ƙarfin haihuwa, ba tare da ya faɗi ba. Yaro ɗan shekara biyu ba ya iya ɗaukar wannan. Saboda haka jinin ma'aikaci shi ne wuri na farko da za a iya hango abin da ke tafe wa gida gaba ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba, wanda ni a wurina shi ne hujja mafi ƙarfi. Bayan abin da ya faru a Shikira, MSF da wata ƙungiyar kula da lafiyar ma'aikata mai suna Occupational Knowledge International suka zauna da masu haƙar da kansu. Ba su ce a daina neman zinare ba, don sun san ba mai dainawa. Suka kawo feshin ruwa a bakin injin niƙa don ƙura ta kwanta, suka ware wurin cin abinci daban da wurin aiki, suka samar da wurin wanka da sauya kaya kafin a koma gida. Sannan suka riƙa gwada jinin mutanen lokaci bayan lokaci. Cikin wata 19 dalmar da ke jininsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba a birnin Turai aka yi wannan ba, a ƙauyen jihar Neja aka yi, da mutanen da yawancinsu ba su da takardar ɗaukar aiki daga kowa. Kuma ba don gwajin ba, da babu mai iya cewa gyaran ya yi aiki. Mai niƙa da ya ga lambarsa ta sauka da idonsa ba ya buƙatar a sake yi masa wa'azi a kan wanke hannu.

Dalma tana da wata ɗabi'a da ta sa gwaji sau ɗaya ba ya wadatarwa. Wadda ke yawo a jini rabinta yana raguwa cikin kamar wata guda, amma wadda ta shige ƙashi tana iya zama shekaru gommai, tana fitowa kaɗan-kaɗan. Mace mai juna biyu, lokacin da jikinta ke ɗebo sinadarin gina ƙashi don ɗan tayi, dalmar da ta kwanta tun tana budurwa tana biyowa. Don haka lamba ɗaya ba ta ba da cikakken labari, jerin lambobi ne ke bayarwa. Abin da ake buƙata ya yi kama da katin awon ciki, wanda kowane zuwa ake rubuta abin da aka gani a ƙarƙashin na baya, har ma'aikaciyar jinya ta gane inda aka dosa tun kafin a isa.

Ba masu zinare kaɗai dalma ke bi ba. Akwai masu fasa tsohon batirin mota, da masu narka shi, da masu gyaran lagireto, da masu kankare tsohon fenti, da masu narka ƙarafa a bola. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fasa batir ya ga yadda ake yi: a sare murfin da adda, a juye ruwan a ƙasa, a zaro farantan da hannu, baƙin gari ya manne a yatsu da ƙarƙashin farce. In mai abinci ta zo, a goge hannun a wando a sa a kwano.

Sai masu feshi, waɗanda su ne suka fi kowa yawa. Daga Kadawa da Kura zuwa fadamun Sakkwato da Haɗeja, da wuya ka ga gonar tumatir ko albasa ko shinkafa da ba a yi mata feshi. Tun da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, hannu ya ƙara nauyi wajen zuba magani. Akwai samarin da sana'arsu ke nan, ana biyansu a kan kowace tanki. Za ka gan shi da tankin a goye, murfin yana yoyo, rigar ta jiƙe sharkaf tun daga wuya har ƙugu, ƙafa babu takalmi. In bakin feshin ya toshe sai ya cire ya sa a baki ya hura. In ya gama ya ji jiri, sai a ce ya sha madara ko manja. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da wannan guba daga jini.

Magunguna irin su piya-piya da danginsa suna aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari na jiki mai suna kolinestares, wanda shi ke sa jijiya ta saki bayan ta isar da saƙo. Haka suke kashe ƙwaro, kuma haka suke yi wa mutum in sun yi yawa: yawu ya yi ta zuba, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta tsuke, nama ya yi ta rawa, numfashi ya gagara. Amma tun kafin a kai nan, sinadarin yana raguwa a jini a ɓoye, kuma ana iya auna shi. Jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1974 ta wajabta wannan gwaji ga masu yawan ta'ammali da irin waɗannan magunguna a gona. Tsarin nasu yana da sauƙin fahimta. Kafin a fara feshin shekara sai a auna mutum a san asalin lambarsa, domin ta kowa daban ce. In ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na asalinta, sai a binciki yadda yake aikin. In ta ƙwayoyin jini ta kai kashi 70, ko ta ruwan jini ta kai kashi 60, sai a janye shi daga taɓa maganin har ta farfaɗo. Shekara hamsin ke nan ana yin wannan. Ba wani sabon ilimi ba ne da za a ce bai iso ba tukuna.

Haka abin yake ga sauran sana'o'i. Man fetur yana ɗauke da wani sinadari mai suna benzin, wanda aka tabbatar yana jawo kansar jini, kuma akwai gwajin fitsari da ke nuna yawan wanda ya shiga jiki a yinin. Ka tuna da ma'aikatan gidan mai, da masu lodin tanka, da 'yan bumburutu da ke zuƙo mai da tiyo a baki, da bakanike da ke wanke hannu da fetur kullum. Masu ƙona zaiba don ware zinare, ko a Zamfara ko a Neja ko samarinmu da ke tafiya Jado a Jamhuriyar Nijar, tururinta suke shaƙa, kuma fitsari yana nuna ta tun kafin hannu ya fara karkarwa. Ma'aikatan kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa da Bompai suna aiki da gishirin kuromiyom, shi ma ana auna shi a fitsari.

Ba na so a ɗauka gwaji maganin komai ne. Sinadarai dubbai ne, waɗanda ke da ingantaccen gwajin jini ko fitsari kaɗan ne a cikinsu. Gwajin kolinestares bai san da maganin ciyawa ba. Soda da ke cin hannun marina ba ta buƙatar gwaji, ido yana gani. Ƙurar dutse da ke daskarar da huhu ba ta fita a fitsari. Lokacin ɗiba ma yana da muhimmanci: wasu sinadaran in ba a karɓi fitsarin a ƙarshen aikin yini ba, zuwa safiya sun tafi, sai sakamako ya fito fes alhali mutum ya sha guba. Mai shan taba lambarsa ta benzin tana hawa ko bai je kusa da fetur ba. In za a ɗebi jinin dalma a yatsa ba a wanke yatsan sosai ba, ƙurar da ke kan fata za ta shiga ta ba da lambar ƙarya, shi ya sa ake tabbatarwa da jinin jijiya. Duk wannan yana nufin aikin na buƙatar masu sani da ɗakin gwajin da ake sa wa ido. Bai zama hujjar a bar shi ba.

Abin da ya fi damuna ba na kimiyya ba ne. Mu ɗauka gobe an kafa doka, kowane kamfani ya gwada ma'aikatansa. Me zai faru da wanda lambarsa ta hau? A yadda ake ɗaukar aiki a yawancin masana'antunmu, inda lebura ɗan kullum ne ko ɗan kwantiragi ta hannun wani dillali, amsar a fili take. Za a ce masa ya huta, a ɗauko wani daga cikin masu jira a bakin get. Injin yana nan yadda yake, ƙurar tana nan, an dai sauya jikin da zai sha ta. Takardun kamfani za su nuna kowa lafiya lau, domin duk wanda jininsa ya ɓaci an sallame shi. Ma'aikata ba yara ba ne, za su gane wannan tun a zagayen farko, kuma daga ranar babu mai sake miƙa hannu. Wanda ke da bakuna takwas a gida zai zaɓi ya ɓoye ciwonsa a kan ya rasa abincinsu, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Waɗanda suka riga mu sun ci karo da wannan. Dokar dalma ta Amurka ta 1978 ta ce in aka janye ma'aikaci saboda lambar jininsa, albashinsa da matsayinsa suna nan har tsawon wata 18. Hikimar a nan ita ce an mayar da asarar kan mai kamfani. In ya san zai biya mutum yana zaune, zai gwammace ya sa injin zuƙe ƙura da famfon wanka. Lambar da ta hau shaida ce a kan wurin aiki, ba laifin mai jinin ba ce. In mutum biyar a sashe ɗaya suka nuna abu ɗaya, sashen ne ba shi da lafiya.

Ya kamata mu kuma lura da inda duniya ta dosa. Tarayyar Turai ta daɗe tana amfani da maikurogiram 70 a kowace desilita a matsayin iyakar dalma a jinin ma'aikaci. A 2024 ta sauke zuwa 15, tare da yarda a yi amfani da 30 na wucin gadi har ƙarshen 2028, saboda bincike ya nuna ɓarna tana farawa ƙasa sosai da inda aka zata. In za mu rubuta tamu dokar, kada mu kwafo tsohuwar lambar da masu ita suka yar.

Sai maganar yarda. Duk wanda zai zo Arewa da sirinji yana neman jinin mutane dole ya san tarihin da ya tarar. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata. Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin rigakafin shan inna ƙarfi a 2003. Saboda haka in lebura ya tambaya ina za a kai jininsa, tambaya ce ta mai hankali, kuma yana da haƙƙin a ba shi amsa. A gaya masa da Hausa abin da za a nema a ciki. A yi masa alkawari a rubuce cewa ba za a duba ƙanjamau ko ƙwaya ko ciki da wannan jinin ba. Sakamakon ya zo hannunsa da na likita, shi kuma mai kamfani abin da zai sani shi ne ko mutum zai ci gaba da wannan aikin ko a sauya masa wani, da kuma yadda lambobin sashe suke a dunƙule. Mata kuma kada a fake da kare ɗan tayi a rufe musu ƙofar aiki. A tsaftace wurin har ya dace da mai ciki, kowa ya amfana.

Ban yarda cewa mutanenmu ba za su karɓa ba. A 2024 jihar Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma tun kafin dokar iyaye da limamai da yawa sun riga sun fara neman takardar gwaji kafin a ɗaura. Abin da shekarun baya ake jin nauyin ambatonsa ya zama ruwan dare, saboda an yi bayani, malamai sun shiga, mutane sun ga amfanin. Gwajin gubar wurin aiki bai kai wannan nauyi ba.

Za a ce ina kuɗin. Ga kamfanoni masu rajista amsar ba ta da wuya: wanda ya kawo sinadarin ya ci riba da shi, shi zai biya, kamar yadda yake biyan kuɗin wuta da na dizal. Ban da haka, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kuma cututtukan da dalma da zaiba da benzin ke jawowa suna cikin waɗanda ake biyan diyya a kansu. To amma ta yaya mutumin da ƙodarsa ta lalace bayan shekara goma sha biyar a wurin narka batir zai tabbatar aikin ne ya jawo, in babu ko takarda ɗaya da ta nuna abin da ke jininsa a tsawon shekarun? Diyyar tana cikin doka, hujjar karɓarta ce babu. Ware wani kaso na wannan asusu don gwaji zai rage masu zuwa neman diyya, kuma waɗanda suka zo za su zo da shaida.

Matsalar ta fi girma ga waɗanda ba su da ubangida, kuma su ne mafi rinjaye. Mai feshin haya, da mai niƙan dutse, da ɗan bumburutu, babu kamfanin da za a kama. Amma ba a warwatse suke ba kamar yadda ake zato. Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da shugabanni, akwai ƙungiyar bakanikai, da ta masu haƙar ma'adinai, da ta manoman rani, da ta dillalan magungunan gona, akwai sarkin kasuwa da mai unguwa. Ta hannunsu ake raba taki da bashi, ta hannunsu za a iya kiran mutane gwaji. Kamfanonin da ke shigo da maganin ƙwari da batir su ma akwai rabonsu, a ɗora ɗan abu kaɗan a kan kowane kwali a tara don wannan aiki. Na'urar gwajin dalma da ta kolinestares duk akwai ƙanana da ake ɗauka a jaka zuwa ƙauye. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su zama inda ake tabbatar da sakamako da horar da ma'aikata, asibitocin ƙananan hukumomi su riƙa ɗiba. Lokacin ma sananne ne: masu feshi a auna su kafin a shiga noman rani, a sake aunawa a tsakiyarsa.

Kuma likitocinmu da ma'aikatan jinya su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suke yi. Ana tambayar majinyaci shekarunsa da garinsa da abin da ya ci, amma ba kasafai ake tsayawa a tambaye shi wace sana'a yake yi da abin da yake taɓawa a cikinta ba. Saurayi ɗan shekara talatin da ya zo da hawan jini da murɗar ciki da ƙarancin jini, in aka ji fasa batir yake yi, ai an san gwajin da za a rubuta.

A watan Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Dutsen da ke ƙarƙashin Anka da Bukkuyum bai sauya ba, dalmar tana nan a cikinsa, kuma MSF ta miƙa aikinta na dalma ga hukumomin jihar tun 2022. Ma'aikatar ma'adinai tana da abin da kowane mai haƙa ke nema a hannunta, wato lasisi. Ta sa sharaɗi cewa ba za a ba kamfani ko ƙungiyar masu haƙa lasisi ba, ba kuma za a sabunta ba, sai sun nuna an auna jinin mutanensu kafin a fara, ana sake aunawa duk wata shida, kuma duk wanda aka janye yana karɓar haƙƙinsa har ya dawo. Gwamnonin Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna suna da bakin da za su nemi a rubuta wannan sharaɗi, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar waɗannan ƙauyuka ya kamata a tambaye su a gaban jama'a ko sun nema.